Gida Ɗaya, Zaure Ɗaya

Da yawa daga cikinmu malaman makaranta masu ɗan taɓa rubuce-rubuce, kwamfutar da muke aiki da ita ta hannu ce, wadda wani ya gama cin moriyarta kafin ta iso gare mu. Wasunmu kuma mun zaunar da manyan manhajoji biyu a cikinta, wato Windows da Ubuntu. Dalili kuwa shi ne, aikin makaranta, irin su tattara makin ɗalibai da buga takardun jarrabawa, a Windows aka saba yin sa. Ita kuwa Ubuntu, 'yar dangin Linux, kyauta ake samun ta, a cikinta muke killace labaranmu da waƙoƙinmu.

Zaman nasu irin na gidan haya ne. Kowace da sashenta a rumbun ajiyar kwamfutar, amma ta zaure ɗaya ake shiga. Da zarar an kunna, wata 'yar manhaja mai suna GRUB ce ke tsayawa a zauren, ta tambaye ka wajen wa ka zo. Muddin zauren nan yana nan lafiya, sai a shekara ba a ji kansu ba.

To, amma gida ba ya rabuwa da gyara. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Mai son komawa Windows 11 kuwa sai injinsa ya cika sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da fili a rumbu wanda bai gaza gigabayit 64 ba. Ubuntu ma duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, takan fito da sabon zubi mai dogon zango. Ke nan ko ba jima ko ba daɗe, ɗaya daga cikin 'yan hayan za ta kira magina.

A nan gizo ke saƙa. Mai gyaran sashenta ba ta cika tunawa da maƙwabciya ba. Sau da yawa bayan an sabunta Windows takan sa kanta a gaba, sai mutum ya kunna ya ga babu mai tambayarsa, an zarce da shi kai tsaye. A watan Agusta na 2024 ma wani gyaran tsaro na Windows ya hana Linux tashi a wasu kwamfutoci masu manhaja biyu. Ka ga zama da maɗaukin kanwa.

Abin da muke so 'yan'uwa marubuta su riƙe shi ne, a irin wannan hali yawanci rubutun yana nan daram a sashensa, ƙofa ce kawai ta toshe. Firgici ne ke jawo asara. Mutum ya ga littafin da ya shekara uku yana fama da shi ya ɓace masa da gani, sai ya ruga wurin mai gyara, shi kuma ya ce a wanke ta a zuba sabuwa. Da an wanke kuwa, shi ke nan, an rushe gida saboda makulli ya ɓata.

Saboda haka muka ɗora wa kanmu ƙa'ida. Kafin mu taɓa komai, mukan kwafe rubuce-rubucenmu da makin yara a filas biyu. Mukan tanadi filas na uku mai ɗauke da Ubuntu, wanda za a iya tayar da injin da shi a mayar da GRUB mazauninta. Idan Windows ta kulle sashenta da BitLocker, mukan rubuta lambobin buɗewa guda 48 ɗin a takarda. Ba ma farawa sai batir ya cika, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan bar gyara rabi da rabi. Sannan ɗaya bayan ɗaya muke sabunta su, tunda sauri ya haifi nawa.

Mai karatu, manhaja 'yar haya ce, yau ta tare gobe ta tashi, kuma ko ta lalace akwai irinta. Babin da ka rubuta da tsakar dare bayan ka gama makin takardun aji uku kuwa, babu kantin da ake sayar da shi. Shi ya kamata a fara fitarwa kafin magina su shigo.