Zanen da ni kaɗai nake iya karantawa

A gidanmu da ke Yakasai, cikin birni, Umma tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, kuma da ribar ake biya mini kuɗin makaranta. Sau biyu firjinta yana ƙonewa cikin shekara guda. Mai gyara ya ce wuta ce take zuwa ba ƙarfi, injin ya yi ta yunƙurin tashi har ya ɗau zafi. Da lokacin furojet ɗin kammala ND ya zo, sai na ce abin da zan auna ke nan: ƙarfin wutar gidanmu, dare da rana, tsawon mako guda, mu gani ko tana kai volt 230 ɗin da muke karantawa a littafi.

Malaminmu ya ce in yi amfani da LabVIEW, manhajar da kamfanin National Instruments na Amurka ya fitar a 1986 don masu gwaji da aune-aune. A cikinta ba a rubuta umarni layi-layi. Akwatuna ake jerawa a haɗa su da wayoyi, kuma akwati ba ya motsi sai duk bayanan da yake jira sun iso masa. Launin waya yana faɗa maka abin da ta ɗauko: shuɗiya cikakkiyar lamba, ruwan lemo lamba mai ɗigo, koriya "e" ko "a'a". Na ce a raina, wannan ai wasan yara ne.

Na haɗa ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta da allon Arduino, shi kuma yana turo awon zuwa laftof ta USB. Kada wanda ya kuskura ya jona wutar soket kai tsaye, don allon ba ya ɗaukar fiye da volt 5. Awo ya fara tafiya, ina ta murna. Daren kwana na uku aka ɗauke wuta ina barci, batirin laftof ya ƙare, na wayi gari babu ko lamba ɗaya. Ashe na tsara manhajar ta tara komai a ƙwaƙwalwa, sai an danna maɓallin tsayawa take adanawa.

Umma ta leƙo ta ce, "Yaya, an gano ciwon firjin?" Wallahi kasa amsa mata na yi.

Akwai wani yayanmu a unguwa da ya gama HND, yana aikin gwajin injuna a wata masana'anta a Sharaɗa. Duk Asabar bayan la'asar ɗalibai kan taru a zauren gidansu, kowa da matsalarsa. Da kunya na kai masa tawa. Ya buɗe zanen, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanina, wannan ai lungunan Kasuwar Kurmi ka zana. Nuna mini inda awo yake shiga da inda yake fita." Na bi waya da yatsa, ta shige bayan wani akwati, na ɓace. Ni da na zana da hannuna!

Bai gyara mini ba, sa ni ya yi na sake daga farko, yana gefe yana shan shayi. Ga abin da na kwaso a ranar. Wayoyi su tafi daga hagu zuwa dama, kamar yadda muke karanta boko. Idan zane ya fi ƙarfin fuskar kwamfuta ɗaya, a tattara wani sashe a mayar da shi akwati guda mai suna. Duk zagayen da ke maimaita aiki a sa masa ɗan jinkiri, in ba haka ba zai cinye ƙarfin kwamfuta a banza. A zura wayar kuskure ta ratsa kowane akwati, don a san inda abu ya lalace. A rubuta kowane awo cikin fayil nan take, tare da lokacinsa. Wata 'yar ajinmu ta ƙara nuna mini alamar ƙwan fitila da ke sama: ka danna, ka ga bayanai suna bin waya a hankali. Ctrl+B kuma yana share karyayyun wayoyi, Ctrl+H yana bayanin duk akwatin da ka nuna.

Karo na biyu an ɗauke wuta ba adadi, amma ba abin da ya salwanta. Awon ya nuna wutar tana faɗuwa sosai daga magariba, lokacin da kowane gida ya kunna kayansa. Yanzu Umma tana kashe firjin a wannan tsakanin, muna kuma tara kuɗin sitabilaiza.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar kare furojet. Malami ya duba zanen, bai tambaye ni komai a kansa ba, ya wuce kan sakamako, saboda ya karanta ya gane da kansa. Kwamfuta ba ruwanta da hargitsin wayoyinka, za ta yi aiki a haka. Mutumin da zai taimake ka ne yake buƙatar tsari, kuma wata rana mutumin nan kai ne, bayan wata shida ka manta abin da ka yi.

'Yan ND 1, kada ku ɓoye zanenku don kunya sai ana saura mako a miƙa. Ku nemi na gaba da ku, ko ku haɗa naku zaman a aji. Ni ma yanzu ina zama a zauren nan duk Asabar, kuma tambayar da nake fara yi wa kowa ita ce wadda aka yi mini: ina awo yake shiga, ina yake fita?