Kan Jirgina da Rakodar Kaka

Ni mutumin Rogo ne, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san dogo bai bi ta Rogo ba, bai bi ta Ƙaraye ba. Shekarata goma sha shida, ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Abin da na sani game da shi, a bakin kakana na ji. Yana saurayi ya yi dako a Kano, zamanin dalar gyaɗa, yana loda buhuna a tarago. In ya fara labarin kan jirgi mai cin kwal ɗin Inugu, yadda yake huci yana fesa tururi, sai tuwo ya huce ba mu sani ba. Littafin tarihi ya gaya mana dogo ya iso Kano a 1911, amma littafin bai iya kukan jirgi ba. Kaka kuwa ya iya.

Da malaminmu na kimiyya ya ce kowa ya komo daga dogon hutu da abin da ya ƙera da hannunsa, don a nuna wa iyaye ranar ba da kyaututtuka, sai na ƙudura kan jirgi zan yi. Gangar jikin ba ta ba ni wuya ba. Gwangwanin madara ya zama tukunyar tururi, na yanka ƙafafu daga tsohon silifa, na zura musu wayar ƙafar keke, na tsaga gwangwala na shimfiɗa dogo taku shida. Saura abin da zai ja shi.

Kaka yana da wata rakoda mai cin batir huɗu, lulluɓe da tsumma a ƙarƙashin gado. Na ce wa kaina ai ta mutu. Ban tambaye shi ba, don na san amsar da zan samu. Ran Juma'a yana masallaci na kwance ta, na cire ɗan injin da ke juya kaset, na mayar da murfi.

Da na ɗaura injin kai tsaye a jikin ƙafa, in na ɗaga jirgin sama sai ƙafafu su yi ta gudu kamar mazari, in na ajiye shi a dogo sai ya yi gunji ya tsaya cik. Kwana uku ina fama, sannan na tafi Ƙaraye wurin kawuna mai gyaran rediyo. Ya juya injin a tafin hannunsa, ya dube ni, ya ce, "A ina ka samo wannan?" Na ce tsinta na yi. Bai ce kome ba. Ya buɗe wani mataccen inji irinsa ya nuna mini cikinsa: maganaɗisu a kewaye, a tsakiya kuma siririyar wayar jan ƙarfe naɗe a jikin sanda. In wuta ta bi wayar, ita ma sai ta zama maganaɗisu, su yi ta ture juna da jan juna, sanda ta yi ta juyawa. In ka juya kan batir, baya za ta yi. Ya ce irin wannan inji gudu gare shi, ba ƙarfi ba. Ya sa na ɗora ƙaramar gargare a sandar injin, babba mai ninkinta biyar a wayar ƙafa, na haɗa su da zoben roba. Inji ya juya sau biyar, ƙafa ta juya sau ɗaya. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru, jirgi ya tashi. Sai dai yana yawan santsi.

Ana gobe zan koma makaranta, bayan sallar isha'i, Kaka ya ce in kawo masa rakoda da batir. Ashe akwai kaset ɗin da ƙanensa ya aiko daga Sudan tun ba a haifi babana ba balle ni, yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Can ya rasu. Kaka ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na faɗi gaskiya.

Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Ɗauko min ɓarawon." Na shimfiɗa dogo a tsakar ɗaki, na haska fitila, na haɗa waya. Ya kalli jirgin ya je ya komo, ya ce, "Kai ɗan nema, bututun hayaƙi a gaba yake, ba a tsakiya ba. Kuma jirginka ba nauyi. Na gaske ma in yana santsi, yashi yake zuba wa dogo." Na cika gwangwanin da tsakuwa, santsi ya ɗauke. Da zan fita ya ce, "Aro na ba ka, ba kyauta ba."

Na zo na biyu, wani ɗan aji shida mai fanka ya zo na ɗaya. Iyayen da suka ga jirgin ran nan, ga inda injinsa ya fito. Yanzu yana ɗakin kimiyya a kan kanta, ba ya motsi. A hutun rabin zango na kai wa kawu injin, ya mayar da shi bai karɓi ko kwabo ba. Daren nan muka zauna ni da Kaka, muryar ta fito tana ɗan rawa, tana tambaya ko an gyara katangar gidan da damina ta rushe.