Tanti a Bakin Teku: Daga Kwatano Zuwa Ankara

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, amma da wuya mutum ya shiga shago a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ya rasa abin da ya ƙetaro ruwan gishiri kafin ya iso hannunsa: shinkafa, man girki, atamfa, tayar mota, har da boshon da talaka ke suturta iyalinsa da shi. Alhazanmu sun san Kwatano da Lome kamar yunwar cikinsu. Sai dai in ka bincika, abin da suka sani bai wuce tashar jiragen ruwa da ofishin duwan da masallacin Zango da gidan mai masauki ba. Na san wani dattijo da ya shekara 20 yana sauka Kwatano. Da na tambaye shi ko ya taɓa tsoma ƙafarsa cikin teku, dariya ya yi, ya ce shi ba kifi ya je saye ba.

A watan Disamba na 2022 muka ɗauki hutun kwana 12, mu uku: ni, da wani malamin lise da ya girme ni, da ƙanensa wanda ke tuƙi. Muna da abokan karatu uku da kurmi ya riƙe, ɗaya a Kwatano, ɗaya a Lome, ɗaya a Ankara ta ƙasar Gana, kuma an daɗe ba a haɗu ba sai ta salula, alhali zumunta a ƙafa take. Muka yi niyyar mu gaishe su, mu kuma bi bakin teku daga gabas zuwa yamma, mu kwana inda dare ya yi mana. Malam ya samo wani tsohon tanti a kasuwar Katako. Muka haɗa da tabarmi, buta, gidan sauro, murhun gawayi, kayan shayi da kilishi. Daga Yamai muka bi Doso, muka ƙetare gadar Gaya zuwa Malanbil, sannan Kandi da Faraku. Hanyar ta haura kilomita 1000, muka yi ta cikin kwana biyu.

Abokinmu na Kwatano aikinsa fitar wa ƴan kasuwa kaya daga tashar jirgi. Ya tarbe mu a Zango, aka yi sallar la'asar, aka ci abinci. Da magariba ta gabato muka ce za mu wuce bakin ruwa mu kafa tanti, sai fuskarsa ta sauya.

"Malam," ya ce wa babbanmu, "in laifi na yi muku, ku faɗa mini. Ina raye, ina da ƙofa a garin nan, ku je ku kwana kan rairayi kamar waɗanda ba su da kowa? In labari ya kai Maraɗi, da wane ido zan dubi tsohuwa?"

Ƙofar da yake magana ɗaki biyu ne da falo na haya, shi da uwargida da yara huɗu. A wannan dare akwai direbobin kamiyo biyu masu jiran lodi, da wani tsoho da ya zo neman magani, da wani yaro da aka aiko ya koyi sana'a, duka a falon. Da mun shiga, da yaran gidan sun koma soro.

Wannan al'ada ba yau ta fara ba. Tun zamanin fataken Gwanja, masu kai kanwa da fata su komo da goro, kowane zango da mai gidansa. Shi ke saukar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa lamuni, ya karɓi la'ada. Da la'adar nan ake ɗora tukunya. A ganina abin da ya faru shi ne baƙuncin ya tsaya inda yake, la'adar ta yi gaba. Babban ɗan kasuwa yanzu ta waya yake odar kaya, ta banki yake biya, in ya sauka kuma otel yake kamawa. Waɗanda suka rage wa mai gida su ne marasa abin hannu, kuma ba ya iya cewa a'a, domin sunansa a gida ya rataya ne ga faɗin tabarmarsa. Mu maza muna yabon karamcin mai gida, ba mu cika tuna wadda ke gaban murhu tun asuba ba. Da na ce wa uwargidan sannu da ɗawainiya, cewa ta yi: "Ai baƙo raɓa ne, Malam." Sai ta ƙara da ƙaramar murya cewa raɓar gidanta dai ba ta san rana ta fito ba.

Aka yi sulhu: abinci nasa, kwana namu. Ya raka mu har Hanyar Masunta, wadda ke bin gaɓa daga unguwar Fijirose zuwa Wida, wajen kilomita 40 a tsakanin itatuwan kwakwa. Ba a kafa tanti a can kamar dajin Allah. Kowane taku na rairayi da mai shi. Muka nemi shugaban masunta, abokinmu ya yi mana tafinta, aka nuna mana wuri bayan wasu kwalekwale, aka kuma gargaɗe mu kada wanda ya shiga ruwa ya wuce gwiwa, domin igiyar wannan gaɓa tana ja ta ƙasa.

Mai karatu, in ba ka taɓa kwana kusa da teku ba, ka sani ba ya yin shiru. Ɗan Sahel ya saba da dare mai kwanciya, sai haushin kare daga nesa. Nan kuwa kamar kamiyo ne ke juye tsakuwa kowane daƙiƙa kaɗan, har gari ya waye. Hazon hunturu ya biyo mu har can, amma da asuba komai sharkaf yake da raɓa mai gishiri: tabarma, ashana, har kilishin ya yi laushi kamar tsumma. Muka yi alwala da ruwan teku, tunda malamai sun ce mai tsarki ne, muka fuskanci gabas, ruwan yana hannunmu na dama. Da hantsi masunta suka fara jan koma daga tudu, mutum kusan 40 a igiya biyu, suna waƙa. Ƙanen Malam ya shiga layi ya ja har tafinsa ya yi bororo, aka sallame shi da ƙananan kifaye cikin leda. Dare na biyu abokinmu ya dawo, wai ya zo duba mu. Aka sha shayi har zagaye na uku, ya jingina da tabarma, bai farka ba sai da rana ta take. Ba wanda ya tashe shi.

A Wida muka daɗe fiye da yadda muka tsara. Daga cikin gari zuwa bakin ruwa akwai hanyar kilomita 4, wadda aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen Turawa. A ƙarshenta aka gina wata babbar ƙofa ta tunawa a 1995. A lise an karantar da mu cinikin bayi kamar labarin wasu mutane ne na nesa. Alhali bayan 1804, yaƙe-yaƙen nan da suka kori sarakunan Katsina zuwa Maraɗi sun zuba fursunoni masu yawa a kasuwa, wasu aka yi kudu da su hannu zuwa hannu har Wida da Badagiri da Ikko, aka ƙetara da su Bahiya ta ƙasar Barazil. A 1807 hukumar birnin Salbado ta bankaɗo wani shirin tawaye na bayi Hausawa. A 1835, cikin watan azumi, Musulmin bayi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka tayar a birnin. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci. Waɗanda suka fara ɗaure su kuwa ba daga Turai suka zo ba. Malam ya tsaya ƙarƙashin ƙofar ya yi addu'a, ya ce wa ya sani ko wani Bagobiri ya tsaya daidai nan yana ganin teku karon farko, kamar mu, amma da sarƙa a wuya.

Daga nan muka kwana ɗaya a Garan-Fofo, inda kogin Mono ke shiga teku, muka ƙetara Togo. Gaɓar Togo duka ba ta kai kilomita 60 ba, amma a nan ne mutum ke ganin yadda ruwa ke cin ƙasa. Igiya tana kwasar rairayi daga yamma zuwa gabas. Da aka buɗe tashar jirgin Lome a 1968, katangarta ta tare rairayin, sai yammacinta ya riƙa cika, gabashinta yana zaizayewa. Tsakanin Aneho da Lome aka nuna mana guntayen tsohuwar kwalta suna leƙowa daga cikin kumfa. Tashar da ke sauke mana kaya ita ce ta cinye wa wasu gidaje, ba mu kuma taɓa jin an sa wannan cikin lissafin kuɗin kwantena ba.

Abokinmu na Lome Allah ya buɗa masa. Tayoyi da kayan gyaran mota yake sayarwa, yana da gidan bene a Zangon Agowe. Zangon nan ba a can yake ba tun asali: a tsakiyar birni yake, sai a 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe mutanensa zuwa bayan gari, wajen kilomita 15 arewa. Shi bai yi fushi da tantinmu ba, dariya ya yi, ya ce boko ya mai da mu Nasara. Muka kwana biyu a ɗakin baƙinsa, muka wanke gishirin jikinmu. Nauyinsa shi ta salula yake zuwa: suna, aure, takardar magani, rufin ɗaki kafin damina. Ya nuna mana saƙonnin rana ɗaya, muka gaji da ƙirga.

Iyakar Gana a jikin Lome take, a Afilawo. Muka ratsa ta Keta, wani zirin ƙasa tsakanin tafki da teku, inda ruwa ya cinye wani sashe na tsohuwar ganuwar da Turawan Danmak suka gina a 1784, sannan muka nufi Ankara. A can ne tafiyar ta yi mana nauyi.

Abokinmu na uku mutumin wajen Galmi ne, ya bar lise bayan rasuwar mahaifinsa, ya shiga fataucin albasa. Kwana uku muna kiransa bai ɗauka ba. Muka bi sawu ta Nima, inda ake sayar da koko da ƙosai da wake da shinkafa da sunayensu na Hausa, aka ce mu tafi Ajen Kotoku, can bayan gari, inda aka mayar da ƴan albasa daga kasuwar Agbogbuloshi a 2021. Muka same shi cikin rumfa, ya rame. Lissafinsa ba ya bukatar boko: da sefa yake sayen albasa a gida, da sefa yake biyan kamiyo, da sidi yake sayarwa. A shekarar 2022 kuɗin Gana ya faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 a watan da muka je. Yakan sayar da buhu bashi, kafin a biya shi kuɗin ya narke. Ga albasa ba ta jiran kowa, zafi da laima suna ruɓar da ita. Ya saki ɗakin hayarsa, a rumfar yake kwana, kan buhuna. A gida kuwa har lokacin ana kiransa mai kuɗin Gana.

"Ba gudunku nake yi ba, Yaya," ya ce wa Malam. "In na ɗauka, ina zan ce ku sauka?"

Malam ya ce ai mu da gidanmu muka zo, yana bayan mota, kuma akwai wurin mutum ɗaya. Ya tsaya yana dubanmu, sannan ya ɗauko butarsa.

Muka kafa tanti a Kokorobite, yamma da birni. Ranar Talata ce, ranar da masuntan wannan gaɓa ba sa shiga teku, kwalekwale duk suna tudu, ana ɗinkin koma. Shi ya ja ragamar murhu, ya yi mana miyar albasa da kifi, ya ƙi yarda wani ya taɓa wuƙa. A daren nan shi ne mai gida. Ya ba mu labarin kakansa, wanda dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969 ta fitar daga Kumasi cikin wa'adin mako biyu, ya iso gida da akwati ɗaya, bai sake ambaton kurmi ba har ya rasu. Ya ce shi korar da yake tsoro ba ta hukuma ba ce. Tsoronsa ranar da zai sauka tashar garinsu hannu biyu, yara su rugo su karɓi jaka. Muka ce ya biyo mu, akwai wuri a mota. Ya ce sai ya karɓo bashinsa tukuna. Ya roƙe mu abu ɗaya: in mahaifiyarsa ta tambaya, mu ce mun kwana tare da shi, mun ci abincinsa. Da muka koma haka muka faɗa mata, kuma ba mu yi ƙarya ba.

Wata bakwai bayan dawowarmu, a ƙarshen Yuli 2023, aka yi juyin mulki a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gadar Gaya. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren gadar ba. Kayanmu suka koma bi ta Lome da Burkina, cikin jerin gwanon kamiyo da rakiyar soja. Aikin abokinmu na Kwatano ya tsaya cik. Direbobin falonsa suka watse, shi kuma ya bar iyali a Zango ya bi kaya zuwa Lome, ya sauka gidan mai tayoyi. Da ya kira ni daga can, ya ce an ba shi ɗakin bakin ƙofa, shi da wasu direbobi biyu na Tawa, ɗayansu yana minshari. Ya tambaya ko tantin Malam yana nan. Na ce yana nan, sai dai gishiri ya cinye ƙarafansa tun dawowarmu.