Sai An San Suna Ake Ba Da Amana

Jiya ina kakkaɓe tsofaffin takardu a gidana na Agege, sai na ci karo da littafin aikina na 2005. Nan take na tuno daren da na kusa rasa abincina.

A shekarar ce wa'adin da Babban Bankin Najeriya, zamanin Farfesa Charles Soludo, ya ba bankuna na tara jarin Naira biliyan 25 ya cika, bankuna 89 suka koma 25. Namu ya haɗe da wani, aka ce ni da takwarana na can, wani Bayarabe ɗan Ibadan, mu haɗa kwamfutocin bankunan biyu kafin safiyar Litinin. Kowa ya san za a rage ma'aikata, don haka kallon kishiyoyi muke wa juna. Shi "Aboki" kawai yake kirana, kamar yadda ake kiran duk ɗan Arewa a Legas, ni kuma abin na ci min rai.

Kowane banki na da nasa domen a kan Windows Server 2003, wato gidan da ke ajiye sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu. Aikinmu shi ne ƙulla amana tsakanin gidajen, ta yadda ma'aikacinmu zai buɗe fayil ɗin can da kalmar sirrinsa ta nan. Sau uku muna gwadawa, uwar garkenmu na cewa ba ta san wani gida mai wannan suna ba. Ashe mun yi riga malam masallaci. Kwamfuta lamba ta sani, kuma DNS ne ke fassara mata suna zuwa lamba. Sai muka umarci DNS ɗin kowane ɓangare: duk sunan da ya ƙare da na wancan banki, kar ka nema a intanet, miƙa tambayar ga uwar garkensu. Muka buɗe ƙofofin da ake bukata a katangar tsaro, ciki har da ta 53 da 88 da 389, amana ta ƙullu.

Amma fa har lokacin ba mai iya shiga. Wajen ƙarfe 3 na dare na lura agogon uwar garkensu ya sha bamban da namu. Tsarin tantancewa na Kerberos kuwa ba ya lamuntar tazarar da ta wuce minti 5. Muna daidaita agogo, komai ya tafi daidai.

Mutumin ya yi shiru, can ya ce, "Yi haƙuri, wai mene ne sunanka?" Na faɗa masa. Da safe da sunan nan ya shaida wa manaja wanda ya gano matsalar, alhali da ya yi shiru ba mai sani.

An bar mu duka biyu a aiki. Har yau duk Sallah sai ya kira ni, kuma bai sake ce min "Aboki" ba. Allah Ya bar zumunci. Sai mun sake haɗuwa.