Yarima Mai Rawani da Yarima Marar Hula

Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, takarda ce ta fara yawa a garuruwanmu kafin komai. Wannan na neman aiki, wancan na neman a dawo da shi gida daga Kano, ɗan kwangila na son takardarsa ta fito tsaf, ga kuma ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da kundin bincikensu na ƙarshen karatu suna neman mai buga musu. Ganin haka kawuna, wanda ya daɗe yana dukan tafireta, ya tattara ɗan abin da ya tara ya nufi Kano, ya dawo da kwamfuta 'yar gwanjo ya girke ta a shagonsa da ke kusa da tasha. Ɗan 'yar'uwa kuwa ba ya rasa aiki a wurin kawu. Ni ne mai shara, ni ne mai sayo fetur ɗin janareta a galan, ni ne kuma mai lulluɓe na'urar da tsohon zanen atamfa kowace yamma, don kada ƙurar hunturu ta shige ta.

Shagon yana da warinsa na kansa: takarda mai zafi da ta fito daga injin fotokwafi, hayaƙin janareta da ke shigowa ta taga, da ƙamshin ƙosan da ake toyawa a bakin tasha. Firintar Kawu irin mai allurai ce, in ta fara kuka sai mai magana ya ɗaga murya. Ita kuwa kwamfutar launi ɗaya ta sani, ruwan ɗorawa a kan baƙi, kuma ba ta da lasifika sai wani ɗan abu a cikinta mai cewa ƙit-ƙit.

Wani ɗalibin kwaleji ne ya zo da faifan filofi a aljihun gaban rigarsa. Da aka gama buga masa babi na biyu, ya dubi ƙofa ya ga Kawu ya tafi masallaci, sai ya zura faifan, ya kwafe wani abu, ya rubuta prince ya danna. A nan na fara ganin Prince of Persia, wanda mu dai Firins kawai muke ce masa.

Labarin bai zo mana a baƙo ba ko kaɗan. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri Jaffar ya riƙe gari, ya ba gimbiya sa'a ɗaya ta zaɓa, ko ta aure shi ko ta mutu, saurayin da take so kuma an jefa shi kurkukun ƙarƙashin fada. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce a firamare ya san abin da waziri ke aikatawa in sarki ya ba da baya, wanda kuma ya taɓa jin Dare Dubu da Ɗaya ya san irin waɗannan fadoji. Abin da ya riƙe mu shi ne tafiyar yaron. In ya sheƙa da gudu ka sake maɓalli, ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame ya ja jiki baya. In ya yi tsalle bai kai ba, sai ya cafki bakin dutse da yatsu yana lilo, kai ma da ke kan benci ka ji hantarka ta kaɗa. Sai daga baya na san dalili: wanda ya ƙirƙiri wasan, wani Ba'amurke mai suna Jordan Mechner, ƙaninsa David ya sa wa fararen kaya ya ɗauke shi a bidiyo yana gudu da tsalle, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa. Kiɗan wasan kuma mahaifinsu ne ya tsara. Ashe aikin gida ɗaya ne.

Ranar da Kawu ya kama mu bai yi faɗa ba. Ya tsaya a bayanmu da carbi a hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wannan wane irin ɗan sarki ne, kai ba ko hula?"

Na ce, "Kawu, ai a kurkuku yake."

Ya ce, "Ko a rijiya yake, ɗan sarki ba ya yawo da kai a buɗe."

Mutumin da ya tashi yana kallon hawan sallah a ƙofar fadar Gumel, yana ganin 'ya'yan sarki da rawani mai kunne biyu, ba za ka iya gamsar da shi ba. Amma ya kafa mana doka mai sauƙi: ba wasa sai bayan la'asar, ba wasa in akwai mai jiran aiki, kuma in da janareta ake, wanda ya kawo kuɗin fetur shi ke da kujera. Saboda haka sa'ar gimbiya daban, tamu daban. Ita agogon yashi ke ƙirga mata minti 60, mu kuwa tarin janareta muke saurare. Sau da yawa yaro ya kai hawa na bakwai, ya riƙe numfashi zai tsallake rami, sai ɗif, allo ya yi baƙi, shago ya kaure da salati.

Mutum ɗaya ke riƙe da madannai, amma wasan na kowa ne. Akwai mai ƙirga taku kafin tsalle, akwai mai tuna inda dutsen da ke rawa yake, akwai mai ihun "tsaya, tsaya!" in an zo wurin ƙarafan nan masu haɗuwa su datse mutum biyu. Ƙwarangwal ɗin hawa na uku ya cinye mana makonni, don takobi ba ya kashe shi, sai wani yaro ɗan unguwarmu, wanda ko taɓa madannan ba a cika ba shi ba, ya ce a riƙa tura shi baya har ya faɗa rami. Haka kuwa aka yi. Daga ranar ya samu wurin zama a benci.

Sannu a hankali muka fara gane cewa Firins ɗin ba ɗaya ba ne. Namu na shago, in ka gama hawa na farko sai ya kai ka wani ɗaki cike da kwalabe, kowace da harafi a kanta, ya ce ka duba shafi kaza, layi kaza, a littafin da ake sayar da wasan tare da shi, ka sha kwalbar da ta dace. Littafin da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba! Kamfanin ya yi haka ne don maganin masu kwafa. Mu kuwa muka ware bayan wani littafin lissafi, duk tambayar da aka ci sa'a a kanta sai a rubuta harafin, har muka tara abin da ya ishe mu. Sai ga wani faifan ya zo daga wani ofis, shi babu ɗakin kwalabe sam, wani gwani ya riga ya cire shi tun kafin ya iso ƙasar nan. Haka ma kalmar sirri. In ka rubuta megahit a gaban sunan wasan, harafin K kaɗai ya isa ya kashe dogari. A wani kwafin kuwa ko gezau, sai ka rubuta improved. Mun ɗauka aljanun na'ura ne, ashe fitowa ce daban-daban ta wasa ɗaya, an yi ta farko, aka gyara aka sake fitarwa.

Yayana yana akawu a Sule Tankarkar a lokacin, kuma a ofishinsu na fara ganin wasan da launi. Na tsaya baki buɗe. Ashe kwalbar magani ja ce, ta guba shuɗiya! Mu a Gumel haddace su muka yi da wurin da suke, don a allonmu duk ruwan ɗorawa ne, kuma yara nawa suka sha guba suna murna. Ashe dogaran ma kowa da launin rigarsa. Kwamfutar tasu tana da lasifika, sai na ji ƙarar ƙofar ƙarfe tana sauka, na ji ihun yaron in ya faɗo daga sama. Na dawo gida ina ba da labari, aka ce na cika ƙari.

Wanda ya fi tayar mana da hankali abokinmu ne ɗan Maigatari, wanda mahaifinsa dillalin dabbobi ne a kasuwar Alhamis, inda raƙuma da shanu ke gangarowa daga Nijar. A Maigatari ba abin da ba ya ratsowa. A can na ga kwamfutar da aka kawo daga Damagaram, mai madannai irin na Faransa, harafin A a mazaunin Q, M kuma ya yi ƙaura, har rubuta kalmar sirrin ma sai an yi shawara. Shi wannan aboki an sayo masa Sega, mai kaset da ake haɗawa da talabijin, sai ya zo Gumel yana cewa namu jabu ne, don yariman gaskiya yana da rawani da 'yar shara. Muka ce ƙarya yake. Ranar wata Alhamis muka bi motar kasuwa muka je muka gani da idonmu: ga rawani nan dam a kan yaro. Da na faɗa wa Kawu, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu na ji magana. Su waɗancan sun san sarauta."

Akwai kuma wani ɗan Kano da ke zuwa hutu wurin kakarsa, ya rantse mana cewa wanda ya buga a gidan gem a Sabon Gari hawa 20 ne, kuma sa'a biyu ake ba mutum, alhali kowa ya san hawa 12 ne da sa'a ɗaya. Mun sa masa suna saboda wannan magana, sunan da ya bi shi har girma. Allah Sarki, gaskiya ya faɗa. Na Super Nintendo ne, wanda aka yi a Japan a 1992, aka faɗaɗa shi aka ƙara masa hawa da lokaci. Rawanin ma daga Japan ya samo asali, a fitowar da aka yi wa wata kwamfutarsu a 1990, wasu da suka biyo baya suka ɗauka.

Abin ya yi kama da tatsuniyar Gizo. Yadda kakata ta Gagarawa ke yin ta daban da yadda ake yi a gidanmu, kowa kuma ya rantse tasa ce ta asali, don ita ya fara ji kafin barci ya ɗauke shi.

Amma duk fitowar da na sani ta riƙe abu ɗaya, kuma shi ne ya fi zauna mini a rai. A hawa na huɗu wani madubi ke tare hanya, ba yadda za ka yi sai ka yi tsalle ka ratsa shi, kana ratsawa sai inuwarka ta fice ta gudu. Daga nan ta zame maka ƙaya. Ita ce ke shanye maka magani a hawa na biyar, ita ce ke sako maka ƙofa a na shida kana rataye. A hawa na 12 sai ku yi gaba da gaba, takobi a hannun kowa. Duk saran da ka kai mata, kai ma jininka ke raguwa, in ka kashe ta ka mutu. Mun daɗe a wurin nan. Wata yamma wani malamin makarantar allo da ya kawo a buga masa takardar gayyatar sauka yana zaune yana jira, ya ga yadda muke ta faɗuwa, sai ya ce, "Yara, wannan fa ba abokin gaba ba ne. Ku mayar da takobin kube ku gani." Mai riƙe da madannai ya danna ƙasa, yaro ya mayar da takobi, inuwa ma ta mayar, suka taho suka haɗe suka zama mutum ɗaya. Shagon ya yi tsit, sannan aka fashe da kabbara. Malam ya karɓi takardarsa ya tafi, bai ma tsaya ganin yadda aka ƙare da Waziri ba.

Da na girma na karanta tarihin wasan, sai na tarar duk gardamarmu a kan reshe muke yi. Na asalin an fitar da shi a 1989 a kan kwamfutar Apple II, ta hannun kamfanin Broderbund, na'urar da ban san wanda ya taɓa ganinta a ƙasar Gumel ba. Namu na DOS a 1990 ya fito, shi ma ɗa ne ba uba ba. Ita kanta inuwar ƙarancin wuri ne ya haife ta: ƙwaƙwalwar Apple II ta cika, babu inda za a zana sabon abokin faɗa, sai Mechner ya juya hotunan yariman kansa ya yi ta da su. Talauci ne ya kawo abin da ya fi komai kyau a wasan, kuma wannan mu mutanen karkara ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Daga 1999 abubuwa suka sauya da sauri. Gwamna Saminu Turaki ya shigo da zancen kwamfuta da intanet, aka buɗe makarantar koyon fasahar a Kazaure, wayar salula ta iso, filofi ya ɓace ba wanda ya yi masa bankwana. Kawu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, shagon yanzu cajin waya ake yi a ciki. Yaran yau a Maigatari da Gumel suna da wasannin da ko a mafarki ba mu hango ba, kuma ina taya su murna. Sai dai kowa da allonsa a tafin hannu, ya sunkuyar da kai. Ban cika ganin yara goma a bayan mutum ɗaya suna ƙirga masa taku ba, kuma da yake kowa iri ɗaya yake saukewa daga intanet, ba wanda zai hau motar kasuwa don ya je ya tabbatar da rawani.

Shi kansa Mechner ya yi shekaru yana neman faifan da ya rubuta wasan a kai bai gani ba, sai a 2012 mahaifinsa ya tsinci wani kwali a cikin kabad ya aika masa, aka ceto abin da ke ciki aka sa a intanet don kowa ya gani. Saboda haka, 'yan'uwana na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, duk wanda ya buɗe tsohon akwatin ƙarfe ya ga filofi an rubuta Firins a jikinsa da biro, don Allah kada ya ba yara su fasa. Ya adana shi, a nemi mai na'urar da za ta karanta, mu ga wace fitowar ce ta iso garinsu.