Ra'ayina Game Da Majigi Da Wasannin Talabijin

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata tambaya da almajiraina suka sha yi mini, watau wai a cikin wasannin da ake nunawa a silima da talabijin wane iri ne na fi so, kuma ko kallonsu ya dace da ɗan makaranta. Waɗansu malamai 'yan'uwana da sun ji wannan tambaya sai su murtuke fuska, su ce kallo aikin marasa aikin yi ne. Ni dai ban bi su a kan wannan ba. Yau hoton nan ya shiga aljihun kowa ta wayar hannu, in an hana yaro gani a gida, ya gani a zauren maƙwabta. Abin da ya rage mana shi ne mu koya masa yadda ake kallo, kamar yadda muke koya masa yadda ake karatu. Don haka zan faɗi nawa ra'ayi, wanda ya ga gyara kuwa sai ya rubuto wa Edita.

Bari mu fara daga tushe. Kafin a san talabijin a ƙasar nan, majigi kakanninmu suka sani. Sunan ya samo asali ne daga yadda Turawa ke kiran wata fitila mai haska hotuna a bango. A shekarar 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa wata ma'aikata ta shirya hotuna domin ƙasashen da take mulki, ta ɗora wani Bature mai suna William Sellers a kanta, wanda dā ma'aikacin kiwon lafiya ne a Ikko. Mota ce ke yawo gari gari, in magariba ta yi a kafa farin ƙyalle a fili, jama'a su taru, tafinta na bayyana musu abin da suke gani. Galibin labarin a kan mutum biyu yake tafiya, ɗaya mai hankali, ɗaya wawa. Mai hankali ya share gidansa, ya kai ɗansa asibiti, ya bi shawarar malamin gona, sai ya yi arziki. Wawa ya ƙi, sai ya tsiyace.

Ba na musun amfanin da majigi ya yi wajen tsabta da noma. Amma fa ya bar mana wata ɗabi'a wadda har yanzu ba ta sake mu ba, watau raba mutane gida biyu, na kirki sarai da mugaye sarai. Sau da yawa da an soma wasa, kafin a yi minti biyar ka riga ka san mugu, don ga jan ido, ga muguwar dariya. Kishiya kullum tana gidan boka, uwar miji kullum tana ƙulla sharri, amarya kuwa ba ta da aiki sai kuka. Can ƙarshe sai ciwo ko 'yan sanda su kama mugun, sa'an nan wani dattijo ya fuskanci masu kallo ya yi musu wa'azi. Irin wannan wasa ba ya shiga raina. Na yi shekaru ina tsaye gaban aji, ban taɓa ganin yaron da ya zama na kirki ta kowace fuska ba, ban kuwa ga wanda ba shi da wani alheri ko kaɗan ba. Yaron da ya fi kowa tsokana, wani lokaci shi ne zai raba abincinsa da wanda bai zo da kome ba. Wasan da bai san wannan ba bai san mutum ba.

Ku dubi Shaihu Umar ku ga bambanci. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin, aka buga shi a 1934, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. An sace Umar yana ƙaramin yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ke cikin fataucin bayi. To, wannan mutum da ke cin abinci da mugunyar sana'a, shi ne kuma ya riƙe yaron kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Uwar Umar kuwa ta bar gida neman ɗanta, ita ma aka bautar da ita, ba ta sadu da shi ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu ba da jimawa ba. Ba wanda ya tsaya ya ce maka bauta mugun abu ce. Kai da kanka za ka ji abin a zuciyarka, kuma za ka kwana kana tunanin hukuncin da ya dace da Abdulkarim. Wannan shi ne wasan da nake so, wanda ya nuna mini mutum yadda Allah ya yi shi, ya bar mini hukunci, don ya ɗauke ni mai hankali.

Sai kuma maganar finafinan Indiya, waɗanda iyayenmu suka yi ta tururuwa zuwa kallonsu a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, alhali ba su jin harshen. Me ya ja su? Ku ɗauki Mother India, wanda ya fito a 1957. Labarin wata matar ƙauye ce mai suna Radha, wadda bashin mai ba da kuɗi da ruwa ya cinye gonarsu da shanunsu, mijinta ya tafi ya bar ta da 'ya'ya, ta yi ta noma da hannunta ba ta zubar da mutuncinta ba. Daga ƙarshe ɗanta da take ƙauna ya zama ɗan fashi, ya zo zai sace 'yar mutane, ta harbe shi da hannunta. Manomin ƙasar Hausa bai bukaci tafinta ba kafin ya gane wannan, don ya san bashi, ya san yunwa, ya san kunya. Ashe abin da ya kama zukatan mutane shi ne gaskiyar da ke cikin labarin.

Da samarinmu suka soma shirya nasu finafinai na bidiyo, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, sun yi abin yabo ƙwarai. Da ɗan jari kaɗan suka kafa sana'a wadda ta ciyar da gidaje masu yawa, har aka raɗa mata suna Kannywood a 1999, ta kuwa kai harshen Hausa wurare masu nisa. Wanda ya raina wannan bai yi adalci ba. Sai dai a ganina waɗansunsu da suka je aro wurin Indiyawa, dusar suka kwaso suka bar tsabar. Sai ka ga ana tsakiyar rigimar gado, ba zato ba tsammani saurayi da budurwa sun ɓulla cikin lambun furanni suna rawa, sun sake tufafi sau huɗu kafin waƙa ta ƙare. Ba waƙar nake ƙi ba, don mu ma muna da waƙar daka da ta niƙa da ta dandali, kowace da muhallinta. Abin da nake ƙi shi ne a nuna mini abin da ba a yi a garinmu, a ce mini garinmu ne. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wani ma'auni kuma shi ne harshe. Talabijin ya soma a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, daga nan aka sami gwanayen wasa irin su Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Samanja yakan cakuɗa Hausa da Turancin bariki, amma abin ya zauna daidai, domin shi kansa tsohon soja ne, haka kuwa ake magana a bariki. Wannan dabam yake da a sa tsohuwar ƙauye ta riƙa jefa Turanci don a ce wasa ya waye. A cikin na zamanin nan, wanda ya fi gamsar da ni shi ne Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014. A garin nan na ƙage akwai mai shayi, da malamin tsangaya da almajiransa, da Kirista maƙwabcin Musulmi, da mata da miji masu faɗa a kan kuɗin cefane, kowa kuwa da irin bakinsa. In kana kallo sai ka ce wannan ai wane ne na unguwarmu. Ɗan makarantar da ya kasa kunne ga irin wannan zai ƙaru da Hausa mai kyau.

Amma akwai abu guda da nake ji muku tsoro, watau lokaci. Wasanni masu dogon zango sun yi yawa a talabijin da YouTube, waɗansu kuwa ana jan labarinsu kamar danƙo, abin da zai ƙare a mako huɗu sai ya shekara, don kawai kada mai kallo ya tashi. To, ku ɗauko allo mu yi lissafi. Yaron da ke kallon awa ɗaya kowane dare, a shekara ya ba da awa 365. In ana awa 6 a makaranta kowace rana, wannan ya kama kwana 60 ke nan na karatu, kusan zango guda cur. Wanda zai biya zango guda na ransa a kan abu, ai ya kamata ya taya kafin ya saya. Ran jarrabawa kuwa ba ɗan wasan da zai zo ya riƙe maka alƙalami.

Saboda haka ga shawarata. In kun gama kallon wasa, ku yi wa kanku tambaya uku. Ta fari, shin mutanen nan na taɓa ganin irinsu, kuma haka suke magana? Ta biyu, shin abin da ya same su halinsu ne ya jawo shi, ko kuwa mai labari ne ya rasa mafita ya aiko da hatsarin mota? Ta uku, me na sani yanzu game da zaman duniya wanda ban sani ba jiya? In wasa ya amsa ukun nan, ya ci kuɗinsa. In ya kasa, gobe kada ku koma masa, don ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Sa'an nan kada ku tsaya ga kallo kaɗai. Mai littafin Shaihu Umar malamin makaranta ne sa'ad da ya rubuta shi, kuma a kan benci irin naku ya fara. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta yadda ake ciniki a kasuwarku, da yadda kakanninku ke zance, da yadda ake sasanta rigima a ƙofar mai unguwa. In ƙarshen zango ya zo, ku haɗa wasa daga ciki ku nuna wa iyayenku. Ran da suka yi dariya don sun gane kansu, ba don kun faɗi ƙasa ba, ran nan kun fara iyawa.

Allah ya ba mu ido mai gani da zuciya mai rarrabewa, amin.