Littafin Shari'a Daɗi Gare Shi, Amma A Yi Hattara

Ɗan'uwa mai karatu, yau zan yi maka zancen wani irin littafi da ake so ƙwarai a ƙasar Amurka. Labari ne ƙagagge na kisan kai da shari'a. Na fara karanta irinsa da Faransanci tun ina makarantar koyon malanta.

Ga yadda labarin yake tafiya. An kashe mutum. An kama wani, an kai shi gidan kaso. Sai lauya ya zo, wato mai tsaya wa mutum gaban alƙali. Shi zai tono gaskiya.

Wani marubuci mai suna Gadna ya ƙago lauya Peri Meson a 1933. Ya yi littafi fiye da 80 a kansa. Kusan kullum Peri Meson ke cin nasara. Yana yi wa shaida tambaya bayan tambaya, har mai laifin ya tona kansa.

A 1989 wani lauya na jihar Misisipi, Jon Girisham, ya fitar da littafinsa na farko. A ciki, Turawa biyu sun ɓata ɗiyar wani baƙar fata, yarinya mai shekara 10. Uban ya harbe su. Mutum 12 aka zaɓo cikin jama'a su ce ko a hukunta shi, kuma dukansu Turawa ne. In ka fara, barci ba zai ɗauke ka ba.

Me ya sa nake son su? Suna nuna talaka ma yana da baki gaban alƙali. Suna koya maka zargi daban, hujja daban. Duk wanda aka taɓa cin iyakar gonarsa ya san darajar wannan.

To amma ga aibinsu. A littafi, gaskiya takan fito cikin ƴan kwanaki. A duniya ba haka ba ne. A Amurka ɗin, cikin mutum 10 da aka hukunta, wajen 9 ba a yi musu doguwar shari'a ba. Amsa laifi suka yi don a sassauta musu.

Girisham da kansa ya nuna haka a 2006, da ya rubuta labarin gaskiya na Ron Wiliyamson. A 1988 aka yanke wa wannan mutum hukuncin kisa a jihar Okalahoma, bisa laifin da bai yi ba. Har ya rage kwana 5 a kashe shi, sannan aka dakatar. Sai a 1999 binciken ƙwayoyin halitta ya wanke shi. Shekara 11 sun tafi. Ya rasu a 2004.

Aibi na biyu: lauya shi ne gwarzon labari. Talakan da ake tuhuma yana zaune shiru, yana jiran mai ceto. Wannan mugun darasi ne.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ne, amma wani lokaci sai an daɗe ana tono. Don haka, in irin littafin nan ya faɗo hannunka, ko aka karanta maka, ka ji daɗinsa. Amma kada ka jira Peri Meson. Ka adana takardar gonarka. In za ka ba da bashi, ka kira shaidu, a rubuta. Kada ka dangwala yatsa kan takardar da ba ka karanta ba. Yanzu da ka iya karatu, kai ne lauyan kanka na farko.